Ni na tona asirin Iliya, amma Mama Saratu ake zargi

Salama a gare ku 'yan wannan zaure, Musulmi da Kirista. Admin, ina roƙo a saka wannan ba tare da sunana ba, sunayen da ke ciki ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyu suka rage mini, kuma duk inda na juya ban ga mafita ba.

Ni mutumin Taraba ne, shekarata hamsin da biyu, na daɗe a New York. A Staten Island nake zaune, ina aiki a kicin ɗin wani otal a Manhattan, wankin tukwane da gogar ƙasa, kullum da safe in hau feri, wato jirgin ruwan fasinja, a St. George in haye, da yamma in dawo. Ni Kirista ne, ɗan cocin Methodist, kuma abin da ke damuna a cikin coci ya faru. Na san yawancinku Musulmi ne, amma maganar cin amana ce, kowa ya san nauyinta.

A cocinmu akwai wata tsohuwar al'ada da muke kira aji. Ba ajin makaranta ba ne, mutane ne kaɗan da ke haɗuwa a gidan ɗayansu sau ɗaya a mako, shugaban aji ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, yaya ranka yake da Allah a wannan makon? Kowa ya faɗi abin da ke cin sa, a yi masa addu'a, a sha shayi a watse. Dokar aji ɗaya ce, abin da aka faɗa a ɗaki ba ya tsallake ƙofa. Namu ajin na masu jin Hausa ne, mu uku muka fara shi a falona ranar Alhamis, saboda wa'azin Turanci yana wuce mu kamar jirgin da ba ya tsayawa a tasharmu. A hankali 'yan Adamawa suka zo, 'yan Filato suka zo, 'yan kudancin Kaduna ma, har muka kai mu goma sha tara, wasu a ƙasa suke zama don kujeruna ba su isa ba.

Ba wanda ya naɗa ni shugaba, gidana ne kawai, sai abin ya zauna a kaina. Ban yi makaranta ba ina yaro, gona na sani, don haka wasu ne suke karanta Littafi Mai Tsarki, ni in saurara in riƙe a ka. Abin da nake da shi kunne ne da ƙafa. In an kwantar da mutum a asibiti ina can, in an yi rasuwa a gida Najeriya ni ne na fara zuwa gaisuwa, in miji da mata sun saɓa ni ake kira in zauna in yi ta sauraro har su gaji. Shekara tara ina wannan, ba a taɓa jin maganar wani a bakina ba, har suka sa mini suna Baba Rijiya, wai abin da ya faɗa ciki ya tafi ke nan.

Shekara huɗu da suka wuce na shiga makarantar manya da ake yi a laburare ranar Asabar da safe. 'Yan ajinmu sun sani, suna ta tsokanata, Mama Saratu, wata dattijuwa da muka fara ajin tare da ita, takan ce, "Ɗan firamare, yau an ba ka alawa ko bulala?" Turanci ake koya mana, amma da na gane baƙaƙen sai na ga Hausa ta fi sauƙi, yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Ina karatu yanzu, amma a hankali, da yatsa a kan layi. Wannan saƙon ma da hannuna na rubuta shi.

Cocin namu ya cika sosai a 'yan shekarun nan, 'yan Laberiya, 'yan Ghana, 'yan Jamaika, mu, har sujada ta koma sau biyu ranar Lahadi. Rabaran ɗinmu mace ce, mai ƙoƙari, amma ita kaɗai ce, ta ce ba za ta iya ziyartar kowa ba, dole a horar da mutane daga cikinmu su ɗauki aikin. Ta zaɓi mutum goma, a yi mana kwas ranar Asabar da rana na wasu watanni, in an gama a tsayar da mu a gaban jama'a a ɗora mana hannu a matsayin shugabannin aji. Da ta kira sunana na ƙi, na ce a nemi mai ilimi. Ta ce ai na daɗe ina yin aikin, suna ne kawai babu, kuma masu jin Hausa ba su da wani. Na yarda. Aka ba mu littafi mai kauri na Turanci, a karanta babi biyu kowane mako a gida. Sauran tara ɗin nas-nas ne da malaman makaranta da ma'aikatan ofis, kafin in gama shafi ɗaya sun gama babi. Ban faɗa wa kowa cewa an bar ni a baya ba, in an zo tattaunawa sai in kasa kunne in ɗauki abin da na ɗauka.

Malamin kwas ɗin wani dattijon Bature ne da aka aiko daga ofishin gunduma. Wata rana ya ce shugaba na gari yana ajiye littafi, ya rubuta wanda ya zo, wanda ba shi da lafiya, wanda ke bukatar ziyara, don kada a manta da kowa. Maganar ta shige ni. A ranar na sayi littafin rubutu mai baƙin bango. Duk Alhamis in mutane sun watse sai in zauna in rubuta sunan kowa da abin da ya kawo. Ba zan ɓoye muku ba, daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba. Ni da nake dangwala yatsa a takarda, yau ga sunayen mutanena a jere da rubutuna. Ban gaya wa 'yan aji ba, so nake sai ranar ɗora hannu in nuna musu.

Akwai wani ɗan ajinmu, Iliya, garinsu kusa da namu ne, Yaya yake ce mini, ni na tarbe shi a JFK ranar da ya sauka ƙasar nan, daga baya a filin jirgin ya samu aikin lodin kaya a wani kamfani. Matarsa Rifkatu tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, suna da 'ya ɗaya. Wata Alhamis dusar ƙanƙara ta zuba sosai, bas ba ya tafiya da kyau, mu huɗu kawai muka haɗu, ni, Iliya, Mama Saratu, da Baba Yohanna wanda kunnensa ya yi nauyi, yawanci gyangyaɗi yake yi har a ce amin. Da na tambayi Iliya yaya ransa yake, sai ya ce wata biyu ke nan da aka sallame shi daga aiki, kuma Rifkatu ba ta sani ba. Lokacin da abin ya faru mahaifiyarta ta rasu a gida, ba ta samu zuwa jana'iza ba, hawan jininta ya tashi, sai ya ce bari ya samu wani aikin tukuna, mako ɗaya ne, mako ya zama wata biyu. Kullum da safe ya sa rigar aikinsa, ta zuba masa abinci a kula, ya fita. Na ce to ina kake zuwa? Ya ce, "Yaya, ai feri kyauta ne." Ya hau a St. George, in an isa Manhattan an ce kowa ya sauka, ya sauka ya zagaya ya sake hawa, haka har rana ta yi, a kan ruwa yake cin abincin. Nawa jirgin yake bari ya tashi kafin ya shiga na baya, don kada mu haɗu. Wasu ranakun ya gangara Canal Street wurin wani mutumin Maraɗi mai sayar da jakunkuna, ya riƙe masa tebur in ya tafi salla, su yi ta hira.

Mama Saratu ta yi masa faɗa sosai a ranar. Ta ce, "Kai ɗan nan, ka je ka faɗa mata da bakinka kafin ta ji a bakin duniya, mace tana yafe talauci, ba ta yafe a mai da ita wawiya." Ya roƙe mu mu ba shi mako biyu, akwai wani wuri da suka ce ya dawo. Muka yi alkawari, muka yi addu'a. Da suka tafi na ɗauko littafina na rubuta, Iliya, aiki ya ƙare wata biyu, Rifkatu ba ta sani ba, a yi addu'a. A raina addu'ar nake so kada in manta.

Asabar ɗin da ta biyo, a wurin kwas, malamin ya tambaya ko akwai wanda ya fara ajiye littafi. Ba wanda ya ɗaga hannu, duk masu digirin nan ba wanda ya fara. Littafina yana cikin jakata. Watanni ina zaune a ƙarshen tebur ban taɓa amsa tambaya ɗaya ba, sai na ji hannuna ya tashi. Dattijon ya karɓa ya buɗe, ya ɗaga shi sama, ya ce ga shugaba, aka yi mini tafi, Rabaran har da share hawaye. Ya tambaye ni ko zai iya zagayawa da shi kowa ya ga yadda na tsara, na ce e. Na yi tunanin sirrin da ke ciki, ba zan ce ban yi ba, amma na ce wa kaina ai da Hausa ne, wa zai karanta a nan? Littafin ya bi hannu hannu, kowa ya leƙa ya miƙa gaba, sai a hannun wata mata 'yar Ghana, Anti Akos, ya daɗe. Ita sujadar safe take zuwa, ni ta rana, Twi da Turanci kawai na taɓa ji a bakinta. Da aka tashi ta miƙo mini hannu tana dariya, ta ce da Hausa, "Sannu da ƙoƙari, maigida, ni ma ɗiyar Zongo ce, a Kumasi aka haife ni." Nan take na tuna shafin Iliya. Amma na lallashi kaina, na ce rubutuna kamar tafiyar kaza ne, ba lallai ta kai wannan shafin ba.

Ta kai. Kuma ta san Rifkatu a zumuntar mata. Abin da ta kama shi ne maigida ya rasa aiki, layin ƙasa, inda na ce Rifkatu ba ta sani ba, ko ba ta gane ba ko ba ta ɗauke shi da nauyi ba, Allah ne ya sani. A kwas an koya mana in ka ga bukata kada ka jira a kira ka, don haka ranar Talata ta ɗauki buhun shinkafa da galan ɗin mai ta je gidansu, ta yi wa Rifkatu jaje, ta ce Allah zai ba maigida wanda ya fi wancan. Rifkatu ta ce wane aiki? Ta tambaye ta a ina ta ji, Anti Akos ta ga ta yi ɓarna, ta ce daga ajin mijinki ne, ta ƙi faɗin suna. Rifkatu ba ta ce wa mijinta komai ba a ranar. Washegari ta zuba abinci kamar kullum, ta miƙa masa kula, ta tambaye shi a inda zai zauna ya ci, tunda dai ba JFK ba ne. Ta ce rashin aiki ba ya kashe aure, amma wata biyu tana tashi da asuba tana dafa masa abinci, ashe 'yan coci suna tausayinta a bayan idonta. Kafin ya dawo ta kwashe kayanta da 'yarsu ta koma wurin yayarta a Bronx. Har yau tana can.

Alhamis ɗin nan falona ya cika, labari ya zaga. Iliya ya zo bai zauna ba, a bakin ƙofa ya tsaya. Ya ce mutum uku suka ji maganarsa. Baba Yohanna ko jirgi ya faɗo a kan rufi ba zai ji ba. Yaya kuwa, wato ni, in an ce shi ne to gobe rana ta yamma za ta fito. Saura wa? Bai kira suna ba, amma kowa ya juya ya kalli Mama Saratu. Wata ta tuna cewa ita da Anti Akos suke dafa shinkafar bikin girbi tare, Iliya ya ce ai a ranar ma ita ce ta dage sai an faɗa wa Rifkatu. Mama Saratu mai surutu ce, gaskiya ne, amma surutun wasa ne, ban taɓa jin ta ɗauki maganar aji ta fitar ba. Ta rantse, ta yi kuka, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Shugaba, ka yi magana mana, ka san ni." Littafin yana cikin durowa, taku uku daga inda nake zaune. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, a yi haƙuri, a bar wa Allah. Wannan ce maganar da ba na iya mantawa, ta fi rubutun muni, ta fi miƙa littafin muni.

Tun daga ranar ajin ya mutu a tsaye. In na tambayi mutum yaya ransa yake sai ya ce lafiya lau, sai godiya, na kusa da shi ma haka, cikin minti goma an gama. Daga goma sha tara muka koma shida. Mama Saratu ba ta fasa zuwa ba, amma in ta shigo hira ta tsaya, a coci ita kaɗai take zama a bencin baya, matan da take goya wa 'ya'ya sun daina kai mata, wasu Rediyo suke ce mata a ɓoye, na ji da kunnena ban tsawatar ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, a wurinmu ni na ja ruwan, tsohuwa yake duka.

Na samu Anti Akos a bayan coci na tambaye ta. Ita ma abin yana damunta, ta ce ta gaya wa mata biyu cewa ba Mama Saratu ba ce, suka ce to wa? Ta ƙi faɗa, sai suka ce ƙawarta take rufa wa asiri. Ta ce mini ita ba za ta kira sunana ba, ba ta son ta ƙara ɓarna a kan ɓarna, maganar tawa ce in na ga dama in faɗa. Bayan mako uku da faruwar abin, ina bin littafin kwas da yatsa kamar kullum, sai na iso wani shafi a babi na uku. An rubuta a fili, kada shugaba ya rubuta sirrin mutum tare da sunansa, kuma kada ya nuna littafinsa ga kowa. Sauran sun karanta wannan tun mako na biyu. Shi malamin ya ɗauka sunaye ne da ranaku kawai a ciki, tunda bai iya karanta Hausa ba. Ba don in wanke kaina na kawo wannan ba. Dokar aji na san ta tun kafin in san baƙi ko ɗaya, tafi nake so, na kuma samu.

Na je ofishin Rabaran da niyyar in faɗa mata komai. Kafin in zauna ta fara gaya mini cewa ta ji an samu matsala a ajina, amma kada in karaya, kowane shugaba yana gamuwa da mai dogon baki, kuma shirinta shi ne badi a raba ajin Hausa biyu, ni in horar da wanda zai riƙe ɗayan. Na ajiye maganar da ta kawo ni. Sai na ce ina so a cire sunana saboda karatuna ba ya sauri. Ta yi dariya ta ce ranar da na nuna littafin nan ita ce ranar da ta tabbata ba ta yi kuskuren zaɓe ba, ta ce a duk taron da ta je tana ba da labarina. Na yi godiya na fito. Lahadi mai zuwa ne za a ɗora mana hannu.

Makon jiya na haɗu da Iliya a feri, yanzu ba ya ɓuya, har yanzu bai samu aiki ba. Ya rame. Muka zauna a benci ɗaya, ya ce Rifkatu ta fara ɗaukar wayarsa amma maganar yarinya kawai suke yi. Ya ce, "Yaya, da ba don kai ba da na daina zuwa cocin nan, kai kaɗai ka rage mini da zan faɗa wa magana in yi barci." Sannan ya ci gaba da faɗa mini wasu abubuwan na cikin gidansu, ina zaune ina ji, ina so in ce masa ya yi shiru. Ya ce shi da waɗanda suka daina zuwa sun yi magana, za su dawo aji, za su kuma cika benci ranar Lahadi su tsaya a bayana, amma da sharaɗi, ko dai tsohuwar nan ta amsa laifinta a gaban kowa, ko in ce mata ta nemi wani ajin. Ya ce ni ne shugaba, in yanke. Jirgi ya isa, na ce masa zan yi tunani, na tafi wankin tukwanena.

Sharaɗin ya kai kunnen Mama Saratu. Shekaranjiya Lahadi bayan sujada ta biyo ni gida, ta hau benen nan hawa uku da ciwon gwiwarta, ta zauna tana haki. Na ɗauka faɗa ta zo yi mini, da ma shi ne. Ta ce ta yi tunani, ranar Alhamis za ta durƙusa a gaban aji ta ce ita ce, ta roƙi Iliya gafara. Na ce Mama ai ba ke ba ce. Ta ce, "Na sani mana, ɗan firamare, ni ma ina wurin lokacin da ban faɗa ba." Ta yi dariya ita kaɗai. Ta ce shekararta sittin da takwas, sunanta ya gama mata aikin da zai yi, ba miji take nema ba, ba kujera take nema ba, amma yaran nan in suka watse a garin nan ba mai tattaro su, kowa zai shige ɗakinsa da damuwarsa. Ta ce wanda ya yi abin ko wane ne yana jin kunya ne, a bar shi da Allah, durƙuson minti biyu ba zai kashe ta ba, in dai za a samu mai ɗaga ta. Ta ce ba ta so a ɗora mini hannu ina da aji wofi bayan wahalar shekara tara. Abu ɗaya ta roƙe ni, in kira kowa a waya su zo ranar Alhamis, don ni suke ji. Na raka ta har tashar bas, duk hanyar nan ban faɗa ba. Ban sani ba ko ta sani, wani lokaci in na tuna yadda ta kalle ni sai in ga kamar ta sani, wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

To 'yan'uwa, ga inda nake. Ba sai an gaya mini cewa ƙarya zunubi ba ce, na sani, kuma na san ba zan iya zama a kujerata in kalli tsohuwar nan tana durƙusa a falona saboda laifina ba. Amma sau huɗu ke nan dama ta zo mini ina yin shiru, ban yarda da kaina ba kuma. In na faɗa, Iliya ya rasa mutum na ƙarshe da ya yarda da shi a lokacin da ba shi da aiki ba shi da iyali, ban san abin da zai yi ba. Ajin kuma ya ƙare, don in Baba Rijiya ne yake rubuta sirrin mutane yana zagayawa da shi, wa za a sake faɗa wa magana? Kowa zai tambayi abin da na rubuta a kansa, kuma akwai abubuwa a littafin nan da suka fi na Iliya nauyi, ban san iyakar abin da Anti Akos ta karanta ba. Ba kuma wanda zan miƙa wa ajin, shekara tara ban koya wa kowa ba, na ɗauka kullum ina nan. In kuwa na yi shiru, aji zai cika, Lahadi a ɗora mini hannu, kowa ya yi murna, ni kuma in ci gaba da tambayar mutane yaya ransu yake da Allah.

Ba na ganin hanyar da ajin zai tsira da ni a ciki, na haƙura da wannan. Abin da nake tambaya, da wa zan fara? In samu Iliya shi kaɗai, ko in fara da Mama Saratu tunda ita aka zalunta, ko Rabaran, ko in bari sai Alhamis in faɗa a gaban kowa kamar yadda aka kunyata ta a gaban kowa? Littafin kuma in ƙona shi, ko in ba kowa shafinsa ya gani da idonsa? Akwai wanda ya taɓa ganin an ci amana irin wannan mutane suka sake zama a ɗaki ɗaya? In babu ku faɗa mini gaskiya, kada ku lallashe ni.

Yau Talata, ban kira kowa ba. Mama Saratu ta kira ni sau biyu ina wurin aiki, na san tambayar da za ta yi, ko na sanar da mutane, ban ɗauka ba. Za ta sake kira. Don Allah me zan ce mata?